An Tafi da Motarka, Kyaftin

Zuwa ga maigidana Alhaji, wanda mutanen Greensboro suka fi sani da Kyaftin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Ubangiji ya yalwata maka makwanci, ina sanar da kai na fita takaba tun watan jiya. Matan masallaci sun zo da waina da dambu, an yi maka addu'a, har suna tsokanata wai yanzu sai yawo. Dariya kawai na yi musu. Takaba ta ƙare, amma har yau iyakata bakin akwatin wasiƙu.

Ka fi kowa sanin dalili. Garin nan ba na mai ƙafa ba ne. A Kaduna da na yafa mayafi na leƙa maƙwabta, a nan kuwa ko katin waya zan saya in kira gida sai an ɗauke ni. Ka yi shekaru a High Point Road kana sayar da motoci, kana loda wasu a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Ka koya wa yaran shagonka tuƙi, ka koya wa Abba ɗanmu na fari, ka koya wa ƙannensa mata. Ni kaɗai ka hana. Duk sanda na tayar da zancen, amsarka ɗaya: "Wanda na ɗauko, ni zan sauke shi."

Na san inda maganar ta samo asali. Ina amarya ana yaƙin basasa, kana tuƙa jirgin saman soja. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, amininka Garba ya karɓi tafiyarka, ya ɗauki mutanen da kai ya kamata ka ɗauka. Ba su dawo ba. Ba ka taɓa ba ni labarin da bakinka ba, a wurin matar Garba na ji, ni kuma ban taɓa tambayarka ba. Na ga dai yadda kake damƙe sitiyari idan ina gefenka, sai na bar zancen.

Sai kuma kewayen nan naka! Ko burodi za mu sayo, sai ka zagaya motar kamar jirgin da zai tashi. Ka danna kowace taya da babban yatsa, ka durƙusa ka leƙa ƙasa, ka buɗe bonet ka duba mai. Ni ina ciki ina tsaki. Ka tuna Idin da muka tarar har an sallame? Duk hanyar dawowa ban yi maka magana ba, kai kuma kana ta murmushi, wai ai mun isa lafiya. Kusan shekara arba'in ina fushi da kewayen nan, ga shi yanzu ina kewarsa har cikin raina.

Na gwada, Kyaftin, kada ka ce ban gwada ba. Abba ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a gidan nan ba muddin ba na tuƙi, sai dai in koma wurinsu a Houston. Maƙwabciyarmu Ramatu, 'yar Maraɗin nan, ta ce abin ba wuya, za ta koya mini har in samu abin da take kira permi, wato lasisin tuƙi. Muka riƙa zuwa filin ajiye motoci na wani coci a Glenwood. Gaba na iya, har ina jin kaina. Baya ce ta kayar da ni, na daki kwandon shara na ƙarfe, motarka ta lotsa.

Da Abba ya zo ya ga wurin, bai yi faɗa ba. Ya shafa lotsawar, ya sa makulli a aljihu. Na roƙe shi da Hausa, yana ba ni amsa da Turanci, duk dai a kan lafiyata. Yadda ya tsaya ya harɗe hannu a baya, wallahi kai na gani. Da wa zan yi rigima, da shi ko da kai?

Abba ya sa motar a kasuwa, jiya mai saye ya zo, wani saurayi ɗalibi. Ya karɓi makulli ya faɗa ciki, ko taya bai kalla ba. Ban san sanda na fito ba takalmi ba, na ɗaga masa hannu. Ya tsaya yana kallona, Abba yana kallona, ni kuwa na zagaya ta. Na danna tayoyin, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na leƙa ƙasa. Na faɗa masa ta gaba ta hagu tana rage iska, ya riƙa dubawa. Ya yi godiya, ya ja ta ya tafi. Inda take tsayawa yanzu sai tabon baƙin mai.

Kwalaye sun cika falo. A Houston an ce ɗakina yana sama, tagarsa tana kallon babban titi. Ban ma taɓa ganin kabarinka ba, tunda mata ba ma rakiyar gawa. Ramatu ta yi alkawarin kai ni ranar Alhamis in tsaya daga nesa in yi maka sallama. Daga nan zan bar ka a ƙasar mutane, ni ma a kai ni wata.

Ban riƙe ka da komai ba, Alhajina. Ka riƙe ni da mutunci, ban taɓa tsayuwa a bakin titi ina jiranka ba. Abu ɗaya ne yake ci mini rai, kuma yau sai na faɗa. Ka ɗauko ni daga Kaduna, ka kawo ni har nan, ka tafi ba ka sauke ni ba.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haɗa ka da Garba a inuwar rahama. Ya sa ka sauka lafiya. Ni kuma ya ba ni haƙurin zama a kujerar da ka bar ni.

Taka har abada,
Hajiyar Kyaftin