Bunad ɗin mahaifiyata a jikin wata

Anti Gunvor,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kwana tara ke nan maganar nan tana cina kuma ban faɗa wa kowa ba. Ni ba mai dogon karatu ba ne, ina shekara sha shida na bar makaranta na kama walda a wurin gyaran jiragen ruwa a Laksevåg, nan Bergen ta ƙasar Norway, saboda haka ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye.

Mahaifiyata ta rasu shekara uku da suka wuce. Bunad ɗinta, wato kayan gargajiyarmu na biki, irin na yankin Hardanger, da hannunta ta ɗinka shi, hunturu biyu tana kansa. Tana kwance a asibiti ta ce da ni, "Na matarka ne, in ka samu wadda za ta iya da shirun nan naka. Na bar rara a ɗinkin, ko wace iri ka kawo zai shige ta." Kin dai san yadda ake yi, naɗe yadin ake yi ta ciki, ba a yankewa, don a buɗa wa mai zuwa.

To na samu. Sunanta Ylva, 'yar Fredrikstad ce can gabashin ƙasar, direbar bas, za mu yi aure a watan Agusta. Ta fi mahaifiyata jiki. A Fabrairu na kai kayan wurin ƙanwar mahaifiyata, Inna Oddlaug, wadda ɗinki ne sana'arta. Da kanta ta auna Ylva, har tana tsokanarta wai zaman kujerar bas ya karɓe ta. Muka yi da ita ranar sha bakwai ga Mayu, ranar bikin ƙasa, Ylva za ta fara sa shi. A Maris ta ce zare take jira. A Afrilu ta ce bayanta ke ciwo. Saura mako guda ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, bana kam ba zai samu ba." Na ce ba komai Inna, lafiyarki ta fi. Ylva ta sayo doguwar riga shuɗiya a madadinsa.

Ranar, a gidan Inna muka karya kamar kowace shekara. Ni na kawo kyafaffen kifi da ƙwai. Babana yana nan, da yayana Torleif, kowa ya rungume ni, barka da biki, barka da biki. Maren, 'yar Inna, ba ta nan, wai ta yi sammako wurin ƙungiyar mawaƙansu. Na kuma lura babana, da ya saba yaba kwalliyar kowa, ya kalli rigar Ylva sau ɗaya ya mai da ido kan farantinsa. Na ɗauka mahaifiyata ya tuna.

Muka tsaya kallon fareti a dandalin Torgallmenningen cikin yayyafi, ganguna suna ta wucewa, yara da tutoci, baki duk askirim. Sai ga su Maren. Anti, masu bunad na Hardanger a Bergen ranar nan ba sa ƙirguwa, amma na mahaifiyata jajayen duwatsun ado sun ƙare mata a gefen hagu na ƙirji, ta cike da guda biyar masu ruwan lemo. Ina gabanta ta jera su. Ga su nan a ƙirjin Maren. Kuma Maren siririya ce, amma kayan sun zauna mata cif. Ta hango ni ta ɗaga mini tuta tana ihun hurra. Ni ma na ɗaga tawa, har yau ban san dalili ba.

Na ja Torleif gefe. Ya ce, "Kai fa ka cika sa ido! Inna ta ce 'yar gabas ba ta da haɗi da Hardanger, kuma azurfar jikin kayan ta kakarmu ce. Muka ce ai kai mai haƙuri ne, a bari hidima ta wuce." Na ce rarar fa? Ya sosa ƙeya ya ce, "Wannan kam ta sa almakashi."

Ke nan duk sun sani. Suka ci kifina suna kallona. Ylva ba ta gane kayan ba, sau ɗaya ta taɓa ganinsu, har ta ce Maren ta yi kyau. Ban gaya mata ba. Katunan gayyatar aure suna kan tebur, na Inna na cire shi na mayar ya fi sau goma. In je in karɓo abin da ba zai ƙara shigarta ba? Ko in yi shiru kamar yadda suka saba?

Mai Walda, Laksevåg

*

Mai Walda,

An cuce ka, kuma ba zan rage maka nauyin maganar ba. Ka ba da amana don a buɗa, aka yanke, aka kuma yi wata uku ana yi maka ƙarya.

Amma ka dubi Inna kaɗan. Kai uwa ka rasa, ita 'yar'uwa, kuma azurfar nan ta gan ta a ƙirjin mahaifiyarta tun tana yarinya. Tsoron kada ta bar dangi ba hauka ba ne. Da ta zaunar da kai ta faɗa, da na ce ka saurare ta. Zancen 'yar gabas kuwa, mata da yawa suna sa bunad na garin mazajensu, ita ma ta sani.

Ga abin da za ka yi. Yau ka gaya wa Ylva, ka kuma tambaye ta ko tana son kayan bayan duk wannan, don a wasiƙarka ban ji inda aka tambaye ta ba. Sannan ka je wurin Inna kai kaɗai, da rana, ba ta waya ba. Ka ce mata ka gani, ka karɓo abin da mahaifiyarka ta ɗinka. Azurfar ka bar ta a teburin magana, ana iya rabawa ko a riƙa karɓa-karɓa. Maren wataƙila ba a gaya mata gaskiya ba, wanda ya san ya yi laifi ba ya ɗaga tuta haka. Kayan kuma ka kai su wurin wata ƙwararriya da ba danginku ba. Sau da yawa ana iya ƙara yadi a gefe, kada ka yanke ƙauna kafin ta duba.

Katin Inna ka ajiye shi sai ka ga abin da ta yi da ka zo. In ta miƙo ta ba da haƙuri, ka ba ta hannu da hannu. In ta ƙi, ba dole.

Babanka da Torleif su ne aikin da ya fi wuya. Sun yi shiru ne don sun tabbata ba za ka yi magana ba. Ba na cewa ka daina haƙuri. Ka zaunar da su ka ce, a hankali yadda ka saba, "Na ji ciwo, kuma kada a sake yanke hukunci a kan abina ba na nan." Jimla ɗaya ce, ka iya.

Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya kai ku Agusta lafiya kai da Ylva.

Anti Gunvor