Sanwic ɗin Shagon Nunzio

Filadelfiya, 2 ga Maris, 1987

Zuwa ga Baffa Gaetano,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Gwaggo Rosaria kuna lafiya. Ni ce Assunta, 'yar yayanka Sabatino. Takarda na rubuto don na san ko waya na buga ba ji za ka yi ba, sai dai ka yi ta "Wa? Wa?" ka kife.

Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki bayan Kirsimeti. An sallamo shi, yana gidana. Hannun hagu da ƙafa sun mutu, baki ya karkace. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya daina cin abinci. Na yi romo, na yi taliya mai laushi, na dama madara, ya kawar da kai. Mutumin da ka sani ƙato, yanzu ni kaɗai nake juya shi a gado. Likita ya ce in aka kai ƙarshen wata a haka, za su zura masa robar abinci ta hanci su kai shi gidan kula da tsofaffi. Na rantse ba za a yi wa ubana haka ina raye ba.

Kalma ɗaya ce take fita sarai daga bakinsa: "Nunzio." Sai ya nuna baki da yatsa. Na san shagon sanwic ne na kwanar Titi na Tara, inda kuke tsayawa lokacin da kuke jigilar kayan lambu a babbar mota. Amma Nunzio ya daɗe a ƙasa, shagon ma ya koma wurin wankin kaya.

Me ake sakawa a ciki? Kai kaɗai ka rage da ya sani. Na san ba kwa magana tun da ka sare itacen ɓauren Kaka. Wannan tsakaninku ne, ni ba ruwana. Ka ba ni amsa kawai.

'Yarka,
Assunta

Tampa, 7 ga Maris

Assunta,

Na samu takardarki. Muna lafiya, sai gwiwa. Rosaria ta yi kuka, ta kunna masa kyandir a coci.

Ɓauren nan ya mutu kafin in taɓa shi. Ubanki ne bai naɗe shi da bargo ba da sanyi ya shigo, ya bar dusar ƙanƙara ta cinye shi, sannan ya tsaya a gaban dangi ya kira ni ɗan da ba shi da asali. Ba wannan kika tambaya ba, amma gara ki sani.

Ga sanwic. Dogon burodi mai riɗi a baya. A tsaga shi, a ƙwaƙule cikin, a kwarara man zaitun, ba yayyafi ba. Busasshen naman salami, a yanka siriri har ki iya hango yatsanki ta ciki. Cuku tsoho mai cizon harshe, ba wannan na roba da ake ba yara ba. Gasasshen tattasai, albasa, ganyen oregano. Duk wanda ya matso da mayonis, ki ɗauki jakarki ki fita.

Taurin kai ne ke damunsa, ba ciwo ba. Kada ki ce masa na tambaye shi, don ban tambaya ba.

Baffanki

Filadelfiya, 14 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka, ina kuma godiya. Amma bai ci ba.

Babu shagon da ban shiga ba daga kasuwa har bakin kogi. Takalmina ya huje. Wani burodinsa kamar soso, wani man nasa ba zaitun ba ne, ƙanshinsa ma ya tona shi. Kowanne na kawo, Baba ya sunsuna ya rufe ido. Mijina Ettore ne yake cinye su, har wandonsa ya fara matse shi.

Wata tsohuwa mai sayar da zaitun ce ta ce in haye gada in nemi Saverio, surukin Nunzio, yana da ɗan shago a bayan tashar bas. Na same shi yana yanka, ko ɗago kai bai yi ba.

"Baiwar Allah, bi layi."

Na ce, "Ni 'yar Sabatino ce mai jar mota."

Ya ajiye wuƙa. "Sabatino mai bakin nan? Yana raye? Shi fa ya taɓa ce wa surukina cukunsa sabulu ne!"

"Yana raye, amma ba ya ci."

"To yau zai ci." Ya juya wajen yarinyar shagonsa. "Ke Nina, miƙo min burodin gashin safe! Ba wannan ba, sakarya, mai riɗin!"

Ya haɗa shi yadda ka faɗa, bai kuskure komai ba, ya ƙi karɓar ko sisi. Na tari tasi don kada burodin ya huce, na isa gida ɓawonsa yana ƙaras-ƙaras. Baba ya sunsuna, idonsa ya buɗe, wallahi na ga ya gane shi. Ya kai baki. Ya yi ta fama, haƙori ya kasa ratsa ɓawon, kayan ciki suka zubo masa a ƙirji. Ya dube ni da haushi, ya ture farantin ya faɗi ƙasa. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Ettore ya ce a markaɗa shi a injin niƙa a ba shi da cokali. Na ce ya sake faɗa ya ga wanda za a markaɗa.

Me na rasa, Baffa? Ka tuna da kyau. Ban haƙura ba, kuma ba zan haƙura ba.

Assunta

Tampa, 19 ga Maris

Assunta,

Gaisuwa. Tasi kika hau? Don kada ya huce? Kai, yaran zamani! Na yi dariya har Rosaria ta leƙo ta ga ko na zautu.

Wa ya ce miki da zafinsa ake ci? Da asuba muke saye kafin mu yi lodi. Nunzio ya naɗe shi a takarda biyu ya ɗaure da zare. Ubanki ya ajiye shi a kujerar direba ya zauna a kai. E, a kai. Injin motar a ƙarƙashin kujerar yake, zafi daga ƙasa, ubanki daga sama, ga gargadar hanya. Kafin rana ta take ya zama fale-fale, mai ya ratsa ko'ina, cuku ya yi laushi, ɓawon nan ko jariri ya tauna. Duk direbobin kasuwa haka suke yi. Ban faɗa miki ba don ban taɓa zaton akwai wanda bai sani ba.

Ki saya da safe, ki sa jakar ruwan zafi a ƙasa, ki zauna a kai har tsakar rana. Kada ki ji kunya, danginki kaf a kan abincinsu suka zauna.

Ki rubuto ki faɗa min. Rosaria ce take son ji.

Baffanki

Filadelfiya, 24 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka da Gwaggo.

Na yi. Na zauna a kansa tun safe a kujerar kicin, ina gyaran wake. Maƙwabciyata Concetta ta shigo aron gishiri, ta ce, "Ke lafiya? Ƙwai kike kwanci?" Na ce ta ɗauka da kanta, ba zan tashi ba ko gidan ne ya kama da wuta.

Da rana ta take na kai masa. Takardar ta jiƙe sharkaf da mai. Yana ganinta ya yi wani sauti, rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon. Ya ɗora a cinya, ya danne da mataccen hannun, ya tsinke zaren, ya raba sanwic ɗin biyu. Na ce shi ke nan, mun tsira.

Sai ya ɗauki rabi ya miƙa gefen dama, ba tare da ya waiwaya ba. Babu kowa a wurin sai bango. Na zagaya na sa hannu zan karɓa, ya janye. Na turo Ettore, ya harare shi. Mai yana bin gwiwar hannunsa, amma bai sauke ba, kuma bai taɓa nasa rabin ba. Da ya gaji ya ajiye duka biyun ya juya fuska.

Na tambayi Saverio. Ya ce, "Ai guda ɗaya suke saye kullum, shi da ƙanensa. Direba ya raba, na gefe ya fara ci."

Ka ga ke nan. Na taka garin nan kaf, na haye gada, na zauna a kan burodi kamar mahaukaciya. Abin da ya rage ba a sayar da shi a shago. Ba roƙonka nake ka yafe masa ba, ku ci gaba da gabarku in kun ga dama. Ka zo ka zauna a damansa ka karɓa. Likita zai zo ranar Litinin da motar asibiti. Ina jin tsoro, Baffa, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai.

'Yarka,
Assunta

Tampa, 26 ga Maris

Assunta,

Na ba wa ɗan maƙwabcinmu wannan takarda, jirgin sama zai hau yau. Ni jirgin ƙasa zan biyo, ina isowa Asabar da safe.

Ki ce wa Saverio ya ƙara tattasai. Kada ki zauna a kai, ba ki da nauyi. Ni zan zauna.

Ki sa min kujera a damansa.

Baffanki Gaetano