Ƙorafi Kan Tuhumar Yayana, Wanda Ya Kai Bindiga Caji Ofis da Ƙafarsa

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Daraktan Gabatar da Ƙararraki,
Ma'aikatar Shari'a.

Daga:
Ƙanwar wanda ake tuhuma,
Malamar aji huɗu a makarantar firamare ta bayan kasuwa.

Kwanan wata: Litinin, 3 ga Yuni.

Game da: Sauya bayanin yadda bindiga ta shiga hannun 'yan sanda, hana lauya aikinta, da yi wa wanda ake tuhuma barazana da mahaifiyarsa.

Mai girma Darakta,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basira a kan wannan nauyi da ka ɗauka, ina neman izinin gabatar da kukana game da shari'ar yayana, wanda ke tsare a gidan gyaran hali bisa tuhumar mallakar bindiga marar rajista. Sana'arsa gyaran firji ce. A layinmu Mai Sanyi ake ce masa, rabi saboda sana'ar, rabi saboda ko kaza ce ta shiga shagonsa sai ya lallashe ta kafin ta fita. Yana da mata da 'ya'ya uku, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarmu. Ba ni da ilimin shari'a, don haka ina roƙon a yi mini uzuri idan na sa wata kalma inda ba muhallinta ba.

1. Ba mu musun cewa bindigar ba ta da rajista. Abin da muke musu shi ne yadda aka ce an same ta. Ruwan farko na bana ya nuna mana rufin ɗakin Inna yana yoyo daidai saman gadonta. Ranar Litinin, 6 ga Mayu, Yaya ya kira kafinta ya canza kwanon. Da kafintan ya ɗaga silin, sai ya tarar da wani abu dogo naɗe cikin tsohuwar rigar ruwa, an ɗaure shi da waya. Ya sauko da shi tsakar gida, aka kwance a gabanmu. Tsohuwar bindiga ce mai baki ɗaya, tsatsa ta cinye ta, gara ta ci gindinta, babu harsashi ko ɗaya tare da ita. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi gadi a wani sito na katako shekaru masu yawa, kuma rigar ruwan tasa ce. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna, kuma ba ya nan balle a tambaye shi.

2. Kafintan ya ba da shawarar a jefa ta a tsohuwar rijiya a manta. Matar Yaya ta goyi bayansa. Inna ce ta ce a'a, ita ba za a yi ɓoye-ɓoye a gidanta ba, a kai wa hukuma abinta. Yaya ya wanke hannu, ya canza riga, ya sa bindigar a buhu, ya ɗaure a bayan babur, da rana tsaka, rabin layi na kallo. Ya ce a ajiye masa abincinsa, yanzu zai dawo.

3. Bisa abin da ya faɗa mini, kuma matar da ke sayar da ruwa a ƙofar caji ofis ta tabbatar, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa mai gadi abin da ke cikin buhun tun kafin ya sauke shi. Wata 'yar sanda da ke kan kanta ta karɓa, ta yaba masa, ta ba shi benci ya zauna. Daga baya jami'in bincike ya shigo, ya leƙa buhun, ya dubi Yaya, ya ce ya cire takalmi da bel. Tun daga ranar bai sake taka gidanmu ba.

4. Ranar Alhamis, 9 ga Mayu, aka gurfanar da shi. Ina cikin kotun. Da kunnena na ji an karanta cewa 'yan sintiri ne suka tare shi a hanya, ya yi ƙoƙarin gudu, suka kama shi da makami. Ranka ya daɗe, na ɗauka shari'ar wani ake karantawa, sai da na ga Yaya ya riƙe katakon akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma da hannu biyu yana girgiza kai. An kuma gabatar da wani jawabi mai ɗauke da sa hannunsa. Ya ce ya sa hannun ne bayan an gaya masa shaidar karɓar kaya ce, kuma ba a bar shi ya karanta ba. An hana beli.

5. Hukumar tallafin shari'a ta ba mu lauya, mace mai ƙoƙari, ba mu da abin da za mu ce mata sai godiya. Amma an ɗaure mata hannu. Ta nemi kwafin jawabin, an ce fayil yana wurin mai gabatar da ƙara. Ta je wurinsa, ya ce yana caji ofis. Ta nemi sunayen 'yan sintirin da aka ce sun yi kamun, har yau ba a ba ta ko ɗaya ba. Ta nemi ganin 'yar sandan kan kanta, aka ce an yi mata canjin wurin aiki, kuma babu wanda ya san ina. Ta nemi a kai bindigar wurin masani ya duba ko tana ma iya tashi, mai gabatar da ƙara ya yi dariya a gaban mutane ya ce bindiga bindiga ce.

6. Kafintan ya yi alkawarin ba da shaida. Bayan zaman kotu na 23 ga Mayu wasu mutum biyu cikin farin kaya suka same shi a wurin aikinsa, suka tunatar da shi cewa hannunsa ne ya fara taɓa makamin. Yanzu ko wayata ba ya ɗauka. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali.

7. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙon mai girma ya karanta shi da kansa. Ranar Alhamis da ta wuce na kai wa Yaya ziyara. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, amma ba wannan ya tayar mini da hankali ba. Ce mini ya yi in gaya wa lauya ta daina wahala, zai amsa laifi a zama mai zuwa. Na matsa masa, da ƙyar ya faɗa mini dalili. Jami'in binciken ya same shi a ɗakin jira na kotu, ba tare da lauyarsa ba, ya ce masa idan ya nace cewa daga gida bindigar ta fito, to gidan na Inna ne, ɗakin nata ne, silin ɗin saman gadonta yake, sai a sake shi a ɗauko ta. Yaya ya dube ni ta cikin ragar ƙarfen da ke tsakaninmu ya ce, "Auta, Inna ko matakalar kotun nan ba za ta iya hawa ba, ke ma kin sani. Ki bar ni in ce ni ne." Lauya ta bayyana masa cewa amsa wannan laifi na iya kai shi shekaru a gidan yari, kuma ba lallai barazanar ta yi tasiri a gaban alƙali ba. Ya ce ba zai yi caca da mahaifiyarsa a kan "ba lallai ba".

8. Mun so mu ɓoye wa Inna, amma kukan matar Yaya ya tona. Inna ta haura saba'in, tana da hawan jini, idonta ɗaya ba ya gani sosai. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Jiya na shiga ɗakinta na tarar ta haɗa 'yar jaka: zannuwa biyu, magungunanta, tabarau da carbi. Ta ce ranar zaman a samo mata mota, za ta je ta tsaya gaban alƙali ta ce ɗakinta ne, ita ta aike shi, a ɗauke ta a sakar mata ɗa. Na yi magana, kawunmu ya yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

Saboda haka, mai girma Darakta, idan ba a yi wani abu ba, ranar Alhamis, 13 ga Yuni, mutum biyu za su shiga kotu ɗaya kowanne yana ɗora wa kansa laifin da bai yi ba don ya ceci ɗayan, ni kuma ina zaune a benci ina kallo. Ina roƙonka cikin ƙanƙan da kai:

(a) ofishinka ya karɓi fayil ɗin daga hannun mai gabatar da ƙara na yanzu, ya duba shi kafin wannan rana;

(b) a nemo 'yar sandan da ta karɓi buhun, da mai gadin ƙofa, da mai sayar da ruwa, a saurare su inda jami'in binciken ba ya nan, a kuma ba kafintan tabbacin cewa shaida ba za ta zame masa laifi ba;

(c) a ba lauyarmu duk abin da doka ta ce a ba ta, a daina ganawa da Yaya a bayan idonta;

(d) a binciki wanda ya sauya labarin, da wanda ya yi barazanar;

(e) wani daga ofishinka, wanda maganarsa ke da nauyi, ya sanar da yayana kafin ya buɗe baki a kotu cewa babu mai taɓa mahaifiyarsa. Daga bakina ba zai yarda ba, daga bakin lauya ma bai yarda ba.

Ba alfarma muke nema ba. A yi masa shari'a a kan abin da ya faru, duk abin da alƙali ya yanke a kan gaskiya za mu rungume shi. Ni da kaina na kawo wannan takarda, kuma zan riƙa zuwa ina zama a bakin ofishinka bayan an tashi makaranta har in ji amsa. Ina roƙon kada a ɗauki hakan rashin kunya. Gida ne ba na iya zama, don duk na shiga sai Inna ta tambaye ni ko an samo motar.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Ƙanwar wanda ake tuhuma.

Kwafi zuwa ga: Lauyar wanda ake tuhuma, Hukumar Tallafin Shari'a.