Shafin da ya ƙi fita daga shago

Daren Laraba, Badariya

Ni ne Babban Injiniya Sanusi, wanda kwamfutocin Kabi ke rawar jiki in sun gan shi. Yau na kafa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet ɗin da masu shinkafa za su riƙa tallar hajarsu a kai. Cikin shago shafin na buɗewa tas, daga waje kuwa ko motsi. Gobe Alhajin da ya ba ni aikin zai gwada daga Argungu, in shafin ya ƙi, wani za a ba aikin.

Na tura ƙanena Bashiru bakin titi ya gwada da datar wayarshi. Ya dawo ya ce, "Yaya, shiru." Na ce, "Kai, wanga ba lokacin shegantaka ba ne!" Sai da ya rantse.

Ashe duk lokacin da aka ɗauke wuta muka tada janareto, lambar sabar sauyawa take, na waje suna ta sallama gidan da ba kowa. Na kafe lambar wuri guda.

To, gaskiya Bashiru ne ke rubutu. Yaya ya yi gyaran, barci ya kwashe shi kan kujera, ko tuwonshi bai taɓa ba. Na fita na gwada, ya buɗe. Allah ya sa in na faɗa mishi ya yarda.