An Kashe Jar Fitilar Jirgin Kafil, Ni Aka Tura Gona

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan Madina da yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai shirin ce min "ka yi haƙuri" ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin kogi na tashi, gyaran injin jirgin ruwa shi ne sana'ata tun ban fara gemu ba. Shekarata ɗaya da 'yan watanni ina aiki wajen wani Balarabe mai gonar dabino a Awali, nan Madina. Shi ne kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, yana da jirgin ruwa na shaƙatawa irin mai jet, wanda ba shi da farfela a waje, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya, kuma da ruwan nan yake sanyaya kansa. A gona ake ajiye shi kan tirela, ranar hutu a ja shi zuwa Yanbu, bakin teku. Saboda jirgin nan da injinan ban ruwa aka kawo ni. Larabcina kuwa bai wuce na sayen burodi ba, don haka duk maganata da kafil sai ta bi ta bakin direbansa, wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya shekara ashirin a nan. Kawu nake ce masa, shi kuma ya ce min ɗana. Har jakarsa nake karɓa in mun haɗu.

Watan jiya suka dawo daga Yanbu, kafil ransa a ɓace. Wai in an yi kamar minti goma a ruwa sai jar fitila ta kama, ƙara ta ɗauka ƙii, jirgin ya rage gudu. Na tuɓe riga na shiga. Baƙin mai lafiya, kan batir a ɗaure, na kwanta a ƙasa na leƙa ragar da ke zuƙar ruwa, ba leda ba ciyawa. Sai na jona tiyo na tada injin, na tsaya ina kallon inda ruwan sanyi ke fita. Ɗis, ɗis, kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Na zare bututu ɗaya, wallahi gishiri da yashi sun daskare a ciki, da sukundireba na ƙwaƙulo su. Ka'ida ce duk ranar da aka fito daga teku a wanke cikin injin da ruwan daɗi, kuma Kawu ke wankin jirgin in sun dawo, sau uku ina nuna masa. Ashe jikin kawai yake gogewa ya yi ta ƙyalli.

Ban tona shi ba, Allah shi ne shaidata. Na ce ya gaya wa kafil fitilar gaskiya take faɗa, hanyar ruwa ce ta toshe, a ba ni kwana biyu in kwance in wanke. Kawu ya juya ya yi ta zuba Larabci, na ga kafil ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya shiga mota. Washegari aka ce in bar garejin in koma cikin gona. Kafin azahar kuma labari ya bazu wai Kawu ya gyara jirgi, an tada shi minti biyu a gaban kafil, ba fitila ba ƙara. Mutumin da bai san lambar sifana ba!

Ni dai ina ta jan busassun ganyen dabino, ƙaya ta gama min tafin hannu, sai Ma'azu, wani ɗan Damagaram mai ban ruwa wanda yake wurin ranar kuma yana jin Larabci, ya ja ni gefe. Ya ce, "Kai, wallahi ba abin da ka faɗa Kawu ya faɗa wa kafil ba. Ce masa ya yi ka ce injin kwalekwale kawai ka sani, wannan ya fi ƙarfinka, a sayi sabo. Amma ni ba ruwana, kar ka ambaci sunana." Da aka aike ni garejin ɗauko tiyo na leƙa bayan dashbod, na tarar an zare wayar fitilar da ta ƙarar, an naɗe su da baƙin salatif. Wannan shi ne gyaran.

Na bi Kawu ɗakinsa a unguwar Ranuna bayan la'asar. Bai ma musa ba, shayi ya zuba min yana dariya, wai ɗana nan ba Yawuri ba ce, a nan mai baki ke cin abinci. Wai in na isa in je in yi wa kafil bayani da Hausa. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa mai furfura ba, kuma ban yi nadama ba.

Yanzu ikamata, wato takardar izinin zama, saura wata biyu, kuma an sanar da ni kafil ba zai sabunta ba, huruj zai buga min, hatimin barin ƙasa. Zan koma gida da sunan wanda aka kai Saudiyya ya kasa aiki, ni da ake kawo wa inji daga ƙauyuka uku. Wani mai kemis Bakano da muke sallah tare a wajen Ƙuba ya rubuta min komai da Larabci tsaf, saƙon yana wayata kwana huɗu ke nan, ban tura wa kafil ba. In na tura, kafil Kawun zai kira ya tambaya, shi kuma ya lallaɓa ya mayar da wayoyin, ya ce hassada ce, magana ta mutu, ni in tafi. In na yi shiru kuwa, ranar Juma'ar nan za su Yanbu. Na san injin nan, in aka matsa masa ba zai yi rabin awa ba, ko ya mutu a tsakiyar ruwa ko ya ƙone. Makanikan can za su buɗe su ga salatif, ba mai buƙatar tafinta. Ina son a kama shi a gaban jama'a, ina son in ga an ɗora masa jakarsa a ka, in tsaya a bakin get in ce masa sauka lafiya Kawu. Wallahi ina so, ba zan yi muku ƙarya ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne jiya. Ma'azu ya ce min tunda kafil ya yarda da gyaran, har da iyalinsa za a shiga, kuma Kawu zai riƙe sitiyari. Sai na tuna Kawu bai iya iyo ba, ko kaɗan. Ni na taɓa taya fito da mutum daga kogi bayan kwana biyu, na san yadda ruwa ke mayar da ɗan Adam. Amma da na tuna, daɗi na fara ji kafin tsoro ya zo. A garin Manzon Allah nake, kuma daɗi na ji.

To 'yan uwa, yau Laraba. In tura saƙon, ya tsira da mutuncinsa ni in koma gida a matsayin wanda bai iya aiki ba? Ko in kama bakina, tunda ba ni na zare wayar ba? Wanda zai ce in tura, don Allah ya gaya min abin da zan ce wa mahaifina a tasha in ya tambaye ni me ya dawo da ni.