Ranar da Inna Ta Kira Ajina

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce ta rage zirga-zirga, duk da na san ba ji za ta yi ba.

Aikin koyar da Turanci a nan ƙasar waje alhamdu lillahi. Ajina yana saman wani shagon gyaran waya, da ƙananan kujeru masu launi da babban allo mai kama da talabijin. Yaran suna sona, iyayen ne sai a hankali. A nan sun ɗauka a nono ake shan Turanci: in ba a ƙasar Turawa aka haife ka ba, naka jabu ne. Akwai wani Bature da ya zo yawon buɗe ido aka ba shi aji. Ni nake tsara masa darasi, amma shi ake layin ɗaukar hoto da shi. Ni kuwa shugabar makaranta ta gaya wa iyaye can aka haife ni. Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Na dai lanƙwasa harshe, in kin ji ni sai cikinki ya yi ciwo don dariya. Kada Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Da fatan kowa lafiya. Na kira ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba.

Ranar iyayen yara ce. Na haɗa wayata da allon ina nuna musu hotunan aji, sai kiranku ya shigo, garin rawar jiki na danna amsa. Fuskar Inna ta cika bango, da tsohon ɗankwalinta, tana kirana Auta, tana tambaya ko na ci abinci. Shugaba ta kafe ni da ido. Wata uwa ta tambayi wace ce, kuma wane yare take yi.

Ke kika riƙe wayar, kin ji amsata da Turanci. Na ce mai aikin gidanmu ce da ta yi rainona. Yaya, bakina ne ya faɗa, babu wanda ya sa ni. Iyayen suka yi ta yabona, wai ban manta da 'yar aiki ba. Inna ta ga suna murmushi, ta ɗaga musu hannu biyu.

An sabunta mini kwantaragi. Tun ranar ko madubi na wuce sai in kau da kai. Kunya ta ishe ni.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Na gode da amsarki, Allah ya bar zumunci. Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Kin ce Inna ta tambaye ki abin da na faɗa, kika ce mata na gaya musu ita ce mahaifiyata. Kin ce ta ba duk maƙwabta labari, abin da ke damunta kawai shi ne baƙina sun gan ta da tsohon ɗankwali, wai ta ba ni kunya. Har ta sa an ɗinka mata sababbin kaya don ranar iyaye mai zuwa. A nan na ajiye takardarki na yi kuka.

Wata mai kamawa za a sake taron. Na san abin da shugaba za ta yi in na faɗi gaskiya. Ki share mini ɗakina ko da an sallame ni. Ki ce Inna ta sa kayan, ke ki riƙe wayar. Wannan karon duk abin da na faɗa, ki fassara mata shi yadda yake.

Ki gaida ta, ki ce na ci abinci.

Ƙanwarki,
Auta