Allurar Alhaji da Rediyona

Litinin, 5 Afrilu 1976
Alhaji Ma'u ya miƙa mini makullin sabuwar babbar mota Roka. Siminti zuwa Agadas. Tun safe bakina ya ƙi rufuwa, har matata Rabi'a ta tambaya ko aure zan ƙara. Abu ɗaya ya rage mini daɗi: Elkana ba zai bi ni ba. Tun ina jan akwala yake zaune gefena, shi ne makanike, shi ne ya san hanyar arewa. Yanzu idonsa ya yi rauni, zai koma gona a ƙauyensu, Kusa. Alhaji ya ce in na ɓata da motarsa, ɗaya direban, Abdu, zai ba.

Alhamis, 8 Afrilu
Abu uku ne a gabana. Taswirar Faransawa da ake sayarwa a Maraɗi. Kamfas ɗin da Alhaji ya kawo tsaraba daga Makka, na neman alƙibla. Ko in ɗauki Buzu ɗan jagora a Dakoro. Buzun ba na so, baƙo a kujerar Elkana! Kamfas kuwa kamar wasan yara.

Lahadi, 11 Afrilu
Kasuwar Jibiya. Na sayi rediyo mai kaset, an ɗaura mini shi gaban sitiyari da ƙatuwar sifika. Elkana ya shafa ta ya yi dariya: "Wagga za ta maye ni ke nan? Ta hi ni surutu, amma ba ta san rijiya ko guda ba."

Laraba, 14 Afrilu
Magama, bakin iyaka. Kwastan sun sha kallon mota, 'yan duwan na Ɗan Isa, kwastan ɗin can tsallake, ma haka. Taswira na saya a Maraɗi. Kyakkyawa ce, sai dai iska ba ta barin mutum ya buɗe ta.

Juma'a, 16 Afrilu
Bayan Dakoro kwalta babu, hanyar burji ma babu, sai sawun tayoyi da suka rabu cikin yashi. Na ɗora kamfas kan sifika. Duk inda na karkata mota, allura ba ta motsi. Na bi ta har rana ta koma inda bai kamata ba. Sai na ga fuskar Abdu a kujerata. Na zagi allurar, Allah ya yafe mini, kayan Makka ne.

Da la'asar na sauka, na yi nesa da mota na shimfiɗa buzun salla. Na ajiye kamfas a ƙasa don haushi kawai. Sai allura ta juya, ta tsaya daidai da abin da inuwata ke faɗa. Na koma mota, ta karkace. Na fito, ta gyaru. Ashe maganaɗisun sifika da ƙarfen mota ke janta. Na koma baya na kama sawun da ya dace.

Litinin, 19 Afrilu
Agadas. An sauke kaya lafiya. Taswira ta faɗi rijiyoyi, allura ta faɗi arewa, ni kuma ina ta sauka daga mota don duba ta kamar mai ciwon mara.

Asabar, 24 Afrilu
Hanyar gida. Kaset ɗin nan duk na haddace su. Sau biyu na juya wajen kujerar Elkana zan ce "ka ga baƙin dutsen can?"

Laraba, 28 Afrilu
Alhaji ya ce mota tawa ce, sai wata mai zuwa kuma in sake tafiya. Rabi'a ta kai kamfas wurin baduku a yi masa gida.

Da yamma na kwance rediyo da sifika na kai Kusa. Na tarar da Elkana yana sharar gona. Na ce saboda allurar ne, rediyon ke sa ta ƙarya. Ya ce, "To, Kalilu, in don allura ne na amsa." Matarsa Sarai ta dama mana fura, na ba shi labarin hanya rijiya bayan rijiya, yana gyara mini sunaye.

Ko ba rediyo allurar ba ta faɗin gaskiya cikin mota, dole in sauka. Wannan ban gaya masa ba.